Zafi Shi Ne Ajalin Tsohuwar Jif Mai Giyar Otomatik

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Katsina, ta ratsa Kurfi, ta nufi Dutsin-Ma, musamman a cikin watan Afrilu lokacin da bazara ta kankama, da wuya ya rasa cin karo da wata irin lalacewar mota mai ɗaure kai. Tayoyi huɗu lafiyarsu lau, tanki da mai, inji kuma yana ruri kamar babu abin da ya same shi, amma direba ya sa giya ya taka totur, mota ta ƙi gusawa ko da taku ɗaya. Abin da kawai zai nuna akwai matsala shi ne wani ƙauri da ke tasowa daga ƙarƙashinta, irin na tuwon da ya kama a gindin tukunya. Idan bakanike ya iso, yakan zaro sandar awon man giya, ya shinshina, ya girgiza kai, ya ce, "Yallaɓai, sai haƙuri, giya ta ƙone."

Galibi motar takan zama tsohuwar jif mai ja da ƙafa huɗu, mai giyar otomatik, wadda ta yi shekara ashirin ko fiye a duniya. Mai ita kuwa sau da yawa ma'aikaci ne, ko malamin makaranta, ko malamin gona, ko ma'aikacin lafiya, wanda ya haɗa kuɗin adashi da rancen ƙungiyar ma'aikata kafin ya mallake ta. Ya zaɓi jif ne domin aikinsa ko gonarsa suna kai shi inda kwalta ta ƙare, watau ƙauyuka da gonakin da ke yankunan Shema, Karofi, Kuki da Makera a ƙasar Dutsin-Ma, ko kuwa Birchi, Wurma da Tsauri a ƙasar Kurfi. Ga irin wannan mutum ƙonewar giya ba ƙaramar asara ba ce, domin kuɗin wata giyar yana iya lashe albashin watanni, motar kuwa ta zauna a ƙofar gida har kaji su mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa.

Jama'a sun fi ɗora laifin a kan muguwar hanya ko tsufan mota, wasu ma su ce ai ba a yi giyar otomatik don ƙasar nan ba. Amma masana aikin giya sun daɗe da yarda cewa babban makashinta shi ne zafi. Zafin nan kuwa ana iya auna shi, ana iya rage shi, kuma kuɗin rage shi bai kama ƙafar kuɗin sayen wata giya ba.

DAGA LANDIROBA ZUWA 'YAR KWATANO

A shekarun 1970 motar shiga karkara a ƙasar Katsina ita ce Landiroba ta En'e da ta ma'aikatun gwamnati, sai kuma Fijo 404 da 504, waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Dukansu masu giyar hannu ne. A kansu kanikawan ƙasar nan suka koyi sana'a, har ta kai ga bakanike ya sauke giyar Fijo a gindin bishiyar dalbejiya da hantsi, ya mayar da ita kafin la'asar.

Al'amura sun canza bayan 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fara shirin gyaran tattalin arziki, darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai kasuwar tsofaffin motocin Turai ta buɗe, waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano, ana sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, a biyo da su ta Jamhuriyar Nijar har Maraɗi, a shigo ta Jibiya. Daga baya motocin Amurka suka rinjayi kasuwa, Amurka kuwa ƙasa ce da kusan kowace mota mai giyar otomatik ce. A 2003 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta mai da alfarmomin ma'aikatan tarayya, har da motar ofis, su zama kuɗi a cikin albashi, kowa ya nemi tasa. Ta haka Pajero da Pathfinder da 4Runner da Prado, da Land Cruiser samfurin 80 wadda aka ƙera tsakanin 1990 da 1997, suka cika garuruwa. Kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011 ya ƙara wa garin ma'aikata, ya kuma ƙara masa irin waɗannan motoci.

Sa'an nan ƙofa ta fara rufewa. Daga 1 ga Janairu, 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. A 2023 aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, sai tsadar mota da ta kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo. Ma'aikacin da a dā yakan canza mota bayan 'yan shekaru, dole ya koma lallaɓa wadda ke hannunsa.

Akwai kuma batun rai. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi wannan yanki, mutuwar mota a bayan gari da magariba ta wuce maganar asarar kuɗi. A watan Satumba na 2021 an katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi da Safana, na tsawon watanni. Wanda motarsa ta tsaya a lokacin, ko kiran bakanike ba shi da halin yi.

ABIN DA KE CIKIN AKWATIN GIYA

Kafin a gane dalilin zafin sai an san yadda giyar take aiki. A mota mai giyar hannu, faifan kuloci ne ke haɗa inji da giya. A mai otomatik kuwa mai ne ke yin wannan aiki, a cikin wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai siffar kabewa da ke tsakanin inji da akwatin giya, wadda kanikawa ke kira konbata. Asalin dabarar ta wani injiniyan Jamus ce, Hermann Föttinger, wanda ya yi mata rajista a 1905 don jiragen ruwa. Giyar otomatik ta farko da aka ƙera da yawa don motoci ita ce Hydra-Matic ta kamfanin General Motors, wadda ta fito a motar Oldsmobile samfurin 1940.

A ɗauki fanka biyu a sa su fuska da fuska, a kunna ɗaya a bar ɗaya. Iskar ta farkon za ta juya ta biyun ko da yake babu abin da ya haɗa su. Haka konbata take, sai dai mai ne a madadin iska. Inji yana juya fankar farko, ita kuma ta watsa mai a kan ta biyu, wadda ke juya giya. Akwai ta uku ƙarama a tsakiya mai karkato da man ya koma inda ya fito, wadda ke ninka ƙarfin juyi kusan sau biyu a lokacin tashi. Wannan ne ya sa mota mai otomatik ke iya tsayawa cikin giya ba tare da inji ya mutu ba.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. Fanka ta biyu ba ta taɓa kamo ta farko a gudu, kullum akwai santsi a tsakaninsu, kuma duk ƙarfin injin da ya salwanta a wannan santsi zafi yake zama a cikin mai. A kan kwalta, idan mota ta miƙe, santsin kaɗan ne, har ma akwai wani kuloci a cikin konbata da kan kulle fankokin biyu su zama abu ɗaya. Amma a cikin rairayi, ko hawan tudu da kaya, ko ja da wata mota, inji yana gudu ƙafafu suna jan jiki, santsi ya yi yawa, zafi ya hau.

Lissafin yana da sauƙi ga ɗalibin kimiyya. Idan jif ta kafe a yashin rafi, ƙafafu ba sa juyawa, direba kuma ya danne totur har inji yana ba da ƙarfin doki 40, to duk wannan ƙarfi ba shi da inda za shi sai cikin mai. Ƙarfin doki 40 kuwa daidai yake da wajen kilowat 30, watau kamar a kunna dutsen guga na lantarki guda 30 a tsoma su cikin man da bai wuce lita 10 zuwa 15 ba. Shi ya sa littattafan gyara na masu ƙera motoci, inda suka bayyana gwajin da ake yi ta danne burki da totur tare, suke gargaɗin kada a wuce daƙiƙa 5 zuwa 10. Direban da ya kafe kuwa yakan yi minti biyar yana abu mai kama da wannan.

ABIN DA ZAFI KE YI WA MAI

Man giyar otomatik, jan nan mai ruwa-ruwa, aiki huɗu yake yi a lokaci ɗaya. Shi ne ke ɗaukar ƙarfin inji a cikin konbata, shi ne ke matse faya-fayen kuloci idan za a canza giya, shi ne ke hana ƙarafa cin juna, shi ne kuma ke kwashe zafi ya fitar da shi. Idan ya lalace, ayyukan huɗu sun lalace tare.

Man ya fi son zafin da bai yi nisa da digiri 80 na ma'aunin Salshiyas ba. Masu gyaran giya na Amurka suna da wani tsohon lissafi na ƙiyasi, cewa duk ƙarin digiri 11 a kan wannan yana raba kwanan man biyu. Man da zai yi kilomita 160,000 a digiri 80, a digiri 91 sai ya yi 80,000, a digiri 102 ya yi 40,000, haka har ƙasa. Man zamani ya fi na dā juriya, amma hanyar lalacewar ɗaya ce. Da farko man ya yi duhu, ya fara barin wani danƙo a cikin ƙananan hanyoyinsa. Idan zafi ya haura digiri 120, robobin da ke riƙe matsin mai su fara taurarewa suna yoyo. Da matsi ya ragu, faya-fayen kuloci, waɗanda kanikawa ke kira faiba, su fara zamewa, zamewar ta haifar da sabon zafi, sabon zafin ya ƙara zamewa, har fuskar faiba, wadda da wata irin takarda aka yi ta, ta babbake. Ƙaurin da bakanike ya shinshina ke nan.

Abin lura shi ne giya ba ta ƙonewa rana ɗaya. Ranar da ta tsaya a hanyar Kurfi ita ce ƙarshen ciwon da ya faro tun bazarar bara ko ta bara waccan. Takan ba da alama: jinkiri kafin ta kama idan an sa D ko R da safe, ko inji ya yi ƙara tsakanin giya da giya kafin ta shiga, ko ta shiga da bugu.

LAGIRETO, DA KUSKUREN DA AKE YI MASA

Masu ƙera mota ba su manta da zafin ba. A yawancin waɗannan motoci akwai bututu biyu da suka taso daga giya zuwa lagireto. Man yana ratsa wani bututu da ke nutse cikin ruwan lagireto, ya zubar da zafinsa, ya koma. Ma'ana, lafiyar giya tana rataye a wuyan lafiyar lagireto. Idan ruwan inji ya yi zafi fiye da kima, man giya ba shi da inda zai sauke nasa.

Motar da aka ƙera don titunan Turai ko Amurka, ga ta yau a ƙasar da zafin inuwa kan kai digiri 40 ko fiye a watan Afrilu, lagiretonta ya shekara ashirin, ƙurar hunturu da ƙaiƙayin kaka sun toshe masa fuska, ruwan rijiya mai gishiri-gishiri kuma ya toshe masa ciki. Saboda haka gyaran giya daga lagireto yake farawa: a wanke shi ciki da waje, a duba murfinsa, a tabbata fanka tana ja da ƙarfi idan inji ya ɗau zafi, a kuma daina zuba masa ruwan rijiya zalla, a sa ruwan lagireto na musamman mai hana tsatsa.

Tsatsar nan tana da wani mugun sakamako. Idan bututun man da ke cikin lagireto ya huje, ruwa da mai su gauraya, man ya koma kamar kunu mai ruwan hoda. Ruwa kuwa yana narkar da gam ɗin da ya manne fuskar faiba. An san wannan ciwo a motocin Nissan Pathfinder da Xterra da Frontier samfurin 2005 zuwa 2010, har kamfanin ya ƙara wa'adin garantin lagiretonsu a Amurka, kuma yana iya samun kowace tsohuwar mota. Wanda ya ga man giyarsa ya koma haka, kada ya ƙara tayar da inji.

Wani kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne cire tamostat, watau bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, da sunan wai na ƙasar sanyi ne. A motoci da yawa ƙwaƙwalwar mota ba ta yarda a shiga babbar giya, ko konbata ta kulle, sai ta ga ruwan inji ya yi ɗumi. Motar da aka cire wa tamostat takan daɗe ba ta kai wannan ɗumi ba, musamman da safiyar hunturu, sai ta yi ta tafiya cikin santsi, tana shan fetur, tana dafa man giya. An gudu ne ba a tsira ba.

ƘARAMIN LAGIRETO NA MAI

Bayan an gyara na asali, babban abin da za a ƙara wa tsohuwar jif shi ne ƙaramin lagireto na man giya, wanda iska ke sanyayawa. Wasu manyan motoci sun zo da shi daga kamfani, amma da yawa ba su da shi. Iri uku ne a kasuwa. Akwai mai lanƙwasasshen bututu ɗaya da fika-fikai, shi ne mafi arha kuma mafi ƙarancin aiki. Akwai mai falle-falle na bakin ciki. Akwai kuma mai faranti jere kan faranti, wanda ya fi sauran fitar da zafi idan girmansu ɗaya, ya kuma fi su jure girgiza.

Ana kafa shi a can gaba, gaban lagireto da kondensar iyakwandishan, inda iska ke fara bugawa kuma fanka ke iya jan iska ta cikinsa. Tsarin da aka fi yarda da shi shi ne man ya fito daga giya, ya bi ta babban lagireto tukuna, sa'an nan ya shiga ƙaramin, ya koma giya. Hikimar ita ce ruwa ya fi iska saurin kwashe zafi a lokacin da mota ke rarrafe cikin rairayi babu iskar gudu, kuma da sanyin safiya ruwan yana ɗumama man ya yi laushi. Wasu sukan tsallake babban lagireto gaba ɗaya don gudun gaurayar ruwa da mai. Wanda zai yi haka sai ya sa babba ƙwarai, zai fi kyau ma da fankar lantarki tasa ta kansa.

Aikin yana da ƙa'idodi waɗanda rashin kiyaye su kan mai da magani ya zama cuta. Tiyo ya zama na man giya mai jure zafi da matsi, ba na ruwa ko na fetur ba, kuma kada bakinsa ya fi na asali ƙanƙanta. A ɗaure kowane baki da kilif mai kyau, a nisanta tiyo da salansa da duk wani ƙarfe mai kaifi, domin tiyon da ya suɓuce a kan gudu yana iya zubar da man giya cikin ɗan lokaci kaɗan. A kafa shi a kan ƙarfe da kusoshi, kada a soke shi a jikin lagireto da igiyoyin roba, domin gargadar hanyar burji za ta sa su yanke fika-fikan. A ƙarshe a ƙara mai daidai da abin da sabon wurin ya ɗauke.

Abokin tafiyarsa shi ne agogon zafin man giya. Allurar zafi da ke gaban direba ta ruwan inji ce, ba ta san halin da giya ke ciki ba. Fitilar gargaɗi mai rubutun A/T OIL TEMP da ke wasu motocin Toyota kuwa ba ta kamawa sai man ya kai wajen digiri 150, lokacin da ɓarna ta riga ta fara. Ana iya sa agogo na dabam, kuma motocin da aka sayar a Amurka daga samfurin 1996 suna da kafar da ake jona na'urar bincike, wadda a wasunsu take nuna zafin man. Direban da ya ga allura ta haura digiri 110 ya san lokacin sassautawa ya yi.

MAI, DA HANNUN DIREBA

Ba kowane jan mai ne man kowace giya ba. Tsofaffin motoci da yawa suna shan nau'in Dexron, wanda General Motors ya fito da shi a 1967, wasu Toyota suna son T-IV, na baya-bayan nan WS, wasu Mitsubishi kuma SP-III. Sau da yawa an rubuta nau'in a jikin sandar awo ko a littafin mota. Baƙin man giya mai kauri da ake zubawa a giyar hannu da aksil guba ne ga otomatik. Jabun mai kuma yana yawo a kasuwa cikin galan mai kama da na gaske, don haka a saya a wurin dila sananne, a duba hatimin murfi. Arha ba ta ado.

A yawancin motoci ana auna man ne inji yana aiki, ya yi ɗumi, mota tana kan shimfiɗaɗɗen wuri, amma wasu suna da tasu ƙa'idar, sai a duba littafi. Ƙarancin mai yana sa famfo ya zuƙi iska, yawansa kuma yana sa ya yi kumfa, dukansu zafi suke kawowa. Ga motar da ke aikin karkara, canza mai a wajen kowace kilomita 40,000 ba ɓarna ba ce. A sani cewa kwance kusar ƙasa ba ya fitar da ko rabin man, saura yana cikin konbata, saboda haka idan man ya yi duhu gara a canza sau biyu ko uku da ɗan tazara. A sauke farantin ƙasa a wanke matacin, a dubi maganaɗisun da ke ciki: laushin toka ba kome, amma ɓarɓashin ƙarfe labari ne marar daɗi.

Sauran aikin yana hannun direba. Jif ta gaske tana da ƙaramar sandar giya ta biyu mai alamar L, wadda ke ninka ƙarfin ƙafafu sau biyu ko biyu da rabi. Mutane da yawa sun shekara da mota ba su taɓa taɓa ta ba. Kafin a shiga yashin rafi irin na Karaduwa da rani, ko taɓo da damina, ko hawan dutse da kaya, a tsaya, a sa N, a shiga L. Da haka ƙarafan giya ne za su ɗauki nauyin, konbata ta huta. A rage wa tayoyi iska kaɗan a cikin rairayi, a mayar idan an hau kwalta. Idan mota ta kafe, a sauka a haƙa, a sa itace ko kara, maimakon a yi ta buga D da R ana danne totur. Idan an ɗauko buhunan masara ko gero, mota kuma tana ta shiga babbar giya tana fita, a danna maɓallin O/D OFF. Idan giya ta yi zafi, a tsaya a sa P a bar inji yana aiki a hankali, domin famfon man da inji yake juyawa, kashe inji tsayar da man ne a cikin zafinsa. Saboda wannan dalili ne ba a jan mota mai otomatik da igiya zuwa nesa, sai a ɗora ta a kan wata motar. Bayan an ratsa ruwa mai zurfi da damina kuma a duba launin man, don ruwa yana shiga ta ƙaramar kafar numfashin da ke saman giya.

Masu ƙananan jif irin su RX300 da Highlander da CR-V su lura cewa motocinsu ba su da giyar L ta biyun nan. Tsayinsu na jif ne, amma cikinsu na motar gari ne.

ƘARA ƘARFI DA CANZA GIYA

Akwai gyare-gyaren da suka wuce sanyaya mai. Ana iya sake bawul-bawul da sifirin na cikin akwatin da ke rarraba mai, domin giya ta riƙa shiga da sauri, faiba ta rage zamewa. A tsofaffin giyoyi masu wayar totur, daidaita wayar kaɗai yana gyara matsin mai. Amma duk wannan ado ne a kan giya mai lafiya, ba ya tayar da wadda ta riga ta ƙone. Manyan tayoyin da samari ke sha'awa kuwa nauyi suke ƙara wa giya, domin suna sa kowace giya ta yi wa inji tsawo.

Idan giya ta mutu, akan nufi Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Ikko, a sayo wata 'yar Beljiyam. A nan sai a tabbata lambarta ta dace da inji da ƙwaƙwalwar motar. Kuma wajibi ne a wanke bututu da hanyar man da ke cikin lagireto sarai, ko a canza su, domin garin tsohuwar faiba da ya maƙale a ciki shi ne kan kashe sabuwar giya cikin 'yan watanni, a dawo ana zargin mai kaya. Wasu sukan gaji su mayar da motar ta giyar hannu. Yana yiwuwa, amma aiki ne mai yawa da ya shafi feda da wayoyi da ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa an bar wata cutar ne an kama wata.

Ƙarshen magana yana komawa kan ilmi. Kanikawan da suka gaji aikin Fijo da Landiroba ƙwararru ne, amma giyar otomatik tana bukatar tsabta kamar ɗakin tiyata, da agogon awon matsi, da na'urar bincike, da iya karanta littafin gyara. A nan ne ɗaliban kwalejojin fasaha, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina, da matasan ƙauyen koyon sana'o'i da aka kafa a Katsina zamanin Gwamna Ibrahim Shehu Shema, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, suke da fili a buɗe. Garin da ke da jami'a, da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, da manoman rani a gefen madatsar ruwa ta Zobe, ya isa ya riƙe gareji mai aikin giyar otomatik kaɗai, ba sai an kai kowace mota Katsina ko Kano ba.

Shi kuwa ma'aikaci mai tsohuwar jif, abin da ke gabansa a bayyane yake: lagireto mai tsabta, ƙaramin lagireto na mai, agogon zafi, man da ya dace, da sanin amfanin giyar L. Lokacin yin su kuma shi ne hunturu, tun zafin Maris da Afrilu bai sauka ba, domin masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.